Inda Ake Zuba Ruwan Sharar Masallaci

Ku samarin da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna cewa wai Sunusi ba shi da sana'a, maɓalli kawai yake dannawa inji ya yi masa shara, yau dai sai kun ji ni. Na gaji da haɗiye maganar nan. Zan ba ku labarin aiki guda ɗaya tak, wanda a kansa saura ƙiris Baba Ladan ya rasa kiran sallar da ya shekara talatin yana yi a masallacin unguwarmu nan Tudun Wada, kuma da hannuna a ciki. Amma ku bari in fara nuna muku injinan tukuna, in ba haka ba, ba za ku gane inda gizo ke saƙar ba.

Injina na farko a Riruwai na same shi, wajen ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da aikin kuza ya ja baya ana gwanjon kayan gidajen Turawa. Kawuna na raka sayen kujeru. Can a lungu na hango wani abu kamar tukunyar ƙarfe zaune a kan wani kwano garai-garai, ga doguwar mesa a nannaɗe a jikinsa. Mai gwanjon ya ce injin feshin sauro ne. Wani ya ce a'a, na tatsar shanu ne. Kawu ya ce ko na mene ne a ɗora masa shi gyara a kan kujerun, tunda ɗan nan ya ƙi ɗauke ido a kai. Haka na samu sana'a, a gyara, kamar ƙosai.

Ba wanda ya koya mini. Mai gyaran rediyon bakin kasuwa ne kawai ya duba rubutun da ke gindinsa ya ce, "Wutar ƙasarsu rabin tamu ce. Ka jona shi kai tsaye a soket, sai dai ka yi masa sutura." Shi ya haɗa mini wata 'yar taransifoma mai nauyin dutsen niƙa, har yau da ita nake yawo. Ranar da na fara tayar da shi a ɗakin Inna ban san ana zuba ruwa a kwanon ba. Ya zuƙo ƙurar ƙarƙashin gado ta gaba, ya feso ta ta baya a kan jeren kwanukanta kaf. Sai da na sha muciya biyu a gadon baya sannan na lura da wani ɗan layi a jikin kwanon. Na ce to, wannan layin ba ado ba ne. Na zuba ruwa daidai shi na sake kunnawa, sai ga ruwan yana juyawa yana komawa ja, iskar da ke fita ta baya kuwa fes. Wallahi ranar tuwo ma sai da aka yi ta kirana. Katifun maƙwabta duk sai da na bi su kyauta.

Abin fa ba sihiri ba ne, wankin kuza ne. Duk wanda ya taɓa ganin mata suna juya ƙwarya a bakin rafi ya san mai nauyi ƙasa yake yi. Iska tana shigowa ta mesa da ƙurarta, ta daki ruwa, ƙurar ta jiƙe ta kwanta, iskar ta wuce abinta. A sama akwai wata 'yar farfela mai haƙora, ita take watsar da ɗigon ruwa kada ya hau cikin kwayil, wato naɗin wayar da ke juya injin. Wannan 'yar farfelar ita ce ran injin. Ka bar ta da datti, ka kashe shi.

Shi kuwa ɗaya injin, mai jaka, daga baya na saya a Kano, kuma kada ku ji ina yabon mai ruwa ku ce na raina shi. Ba nauyi, ba neman rijiya, ka ɗaure shi a bayan babur ka je Bebeji ka share falon wani ma'aikaci ka dawo kafin azahar. Sai dai jakar tasa takarda ce mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iska take fita. Tana fara cika sai ƙofofin su toshe, jan ya ragu, kana ta goga yana ta kuka ba abin da yake ɗauka. Ita kuma ƙura mai laushin nan kamar hoda, ratsa jakar take ta dawo ɗaki. Ku tsaya inda rana ta shigo ta taga ku gani da idonku.

Wani aiki da na yi a Kiru, ɗakin wata Hajiya mai sayar da atamfa, shi ya koya mini kada a sa komai a ruwan nan. Na fita ɗebo ruwan canji, kafin in dawo ta tuttula rabin kwalbar humra a kwanon, wai don ɗakin ya ɗauki ƙamshi. Ya kuwa ɗauka, har maƙwabta suna leƙowa. Amma humra mai ce da danƙo, ta haɗu da ƙura ta liƙe haƙoran farfela kamar ƙaro. Kwana biyu ina bin su da tsohon burushin haƙori da kananzir. Da na yi mata ƙorafi sai cewa ta yi, "Ɗan nan, injin naka ma godiya yake. Tunda aka ƙera shi bai taɓa ƙamshi irin na yau ba." Garin sabulu ma haka, kumfa ce za ta hau har kwayil. Ruwa zalla, daidai layi. In ya koma kamar kunu ka canja. Kada ka karkata shi da ruwa a ciki, kada ka bar ruwan ya kwana, in ba haka ba gobe ka kunna ka cika wa mutane ɗaki da warin kududdufi. Ka gama ka wanke kwano, ka cire farfela ka goge, ka shanya mesa a inuwa. Tokar kasko kuwa tsintsiya za ka sa mata, ba ta jiƙuwa da wuri, bin iska take ta wuce.

To, mu dawo masallacinmu. Da can tabarmin kaba ne, a fitar a kakkaɓe a mayar. Shekarar da Alhaji Garba mai hatsi ya dawo daga Hajjinsa na biyu sai ya shimfiɗa koren kafet bango zuwa bango, ya haɗa da inji mai jaka da kwalin jakunkuna. Ya danƙa wa Baba Ladan, don shi ne mai sharar masallacin tun kafin a haife ni. Sunansa Malam Iro, amma ba mai kiransa haka sai sa'o'insa. Dogon tsoho ne siriri, in ya ja kiran azahar ko ba lasifika masu aiki a fadama ajiye fartanya suke.

Sai ga muguwar shekarar nan ta cikin casa'in da fetur ya yi wuya, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Jakar inji ta ɓace a Kano ɓat. Na zaga duk kantunan da na sani har silifas ɗina ya tsinke. Na gwada ɗinka jaka da buhun fulawa, ƙura ta ratsa. Na ninka biyu, injin ya yi zafi har ya fara ƙauri. Masu kafet da yawa suka koma tsintsiya, ni ma rabin daminar a gonar masarar Kawu na yi ta. Mai ruwa ne ya riƙe ni, don shi jakarsa tana rijiya.

Baba Ladan jaka ɗaya ta rage masa, ita yake ta juyi da ita. Ya farke gindinta, in ta cika ya zazzage, ya naɗe ya kama da fil. Amma ba zubarwa yake kai tsaye ba. Zama yake a bayan masallaci ya baza ƙurar a tire, ya sunkuya yana tonawa da tsinke yana hurawa da baki. Na sha wucewa in gan shi, gemunsa fari ya koma ja. Ni duk zatona 'ya'yan carbi yake nema ko kwabban da suka zubo daga aljihu.

Tari ya kama shi. Kiran da yake ja ya koma guntu-guntu, ya yi kabbara biyu ya tsaya ya yi ta tari a cikin lasifika duk unguwa tana ji. A asibiti suka ba shi magani suka ce ya nisanci ƙura. Wata rana bayan la'asar Alhaji Garba, da yake shi ne shugaban kwamitin masallaci, ya tare shi a gaban jama'a.

"Malam Iro, ba wulaƙanci ba ne. Saura wata biyu azumi. In muryar nan ba ta dawo ba, ɗan ƙanena Habu zai karɓa, kai ka huta."

"Hutun ladan a kabari yake, Garba."

"To ai shi nake guje maka."

Habun nan malamin firamare ne, muryarsa kamar ƙararrawa, kowa ya san in ya karɓa ya karɓa ke nan.

Ni da zumuɗina ban jira an tambaye ni ba. Washegari da hantsi na turo injina a baro, da taransifoma da jarka biyu da doguwar waya. Na ce, "Baba, ku zauna daga bakin ƙofa, yau ƙura ko ɗaya ba za ta tashi ba." Ya ce, "Wannan tukunyar Nasaran ce za ta yi shara?" Na ce ku dai ku gani. Na fara daga sahun farko. Ruwan farko ko rabin sahu bai kai ba ya koma kamar kunun kanwa. Na ɗauko kwanon na kai masa har gabansa, na ce, "Kun ga abin da kuke shaƙa?" Ya leƙa ya jinjina kai. Ni kuwa na wuce bakin titi na kwarara a kwata, na ɗauraye, na dawo. Na biyu ma haka. A na uku ne ya biyo ni.

"Tsaya. Mene ne can yake yawo a kan ruwan?"

Kafin in ba shi amsa tsohon nan ya durƙusa ya tura hannu cikin kwata. Ya ɗago da wani ɗan guntun takarda, bai fi farcen babban yatsa ba, ya jiƙe, baƙin jikinsa ya dame.

"Sunusi, ka san abin da nake nema a tire?"

"Na zaci 'ya'yan carbi ne, Baba. Ko kwabbai."

"Kwabbai." Ya ɗaga mini guntun takardar. "Dattawan da suke tilawa bayan la'asar, ka taɓa duba Alƙur'anansu? Rubutun hannu ne, falle-falle, wani na kakan mutum ne. Gefen takardar ya tsufa yana marmashewa. Guntu ya faɗo da harafi biyu, wani da uku, wani da sunan Allah cikakke. A jaka ina samun su a bushe da rubutunsu, in tara a gwangwani in binne. Tukunyarka ta wanke rubutun, kai kuma ka kai shi kwata."

Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Ɗauki kayanka. Gara muryar ta tafi."

Ba faɗa, ba ɗaga murya. Na naɗe wayata na tura barona gida, rabin masallacin a share rabi ba a share ba.

Mako biyu ya koma kan tirensa, tarin kuwa sai abin da ya yi gaba. Har akwai ranar da ya fara kiran azahar ya kasa kaiwa, Habu ya ƙarasa. Ni kuma ina ɗaki ina yayyaga tsohuwar jarida ƙanana ƙanana ina watsawa a darduma ina zuƙewa. Na fara ɗaura ƙyallen gidan sauro a bakin burushin inji, inda yake jan ƙura, nan da nan zare da gashin kafet suka toshe shi. Na gwada rariyar tankaɗen Inna, ta yi tauri ta ƙi shiga, kuma na sake shan magana. Daga ƙarshe na ninka gidan sauron biyu na ɗinka shi kamar 'yar safa, na cusa a mahaɗar bututun ƙarfe da mesa. Nan ne! Yashi da ƙura su wuce su faɗa ruwa, takarda ta maƙale a safar a bushe. Sai dai duk sahu ɗaya sai ka tsaya ka zazzage, in ba haka ba jan ya mutu. Kuma in faɗa muku gaskiya, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero yakan zille ya wuce.

Wannan mitsitsin ne ya kai ni wurin Liman. Shi da Baba Ladan tare suka yi karatu, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Liman ya sa aka kira Baba, muka zauna gindin darbejiya, na nuna safar, ban ɓoye musu maganar mitsitsin ba.

Baba ya ce, "Ka ji ko, Malam? Da bakinsa ya ce yana wucewa."

Liman ya ce, "Na ji. Iro, in ka wanke allo ba sha za a yi ba, ina kake zuba ruwan?"

"Gindin bango, inda ƙafa ba ta takawa."

"To shi wannan ruwan wa ya ce lallai sai kwata?"

"Ruwan dauɗa ne fa, Malam."

"Ƙurar masallaci ce, wadda goshinka yake taɓawa sau biyar kullum. Ƙura ba najasa ba ce, kwata ce najasa. A jakar taka da miski takardun suke kwana?"

Baba ya riƙa murza safar a hannu. Can ya ce yana da sharaɗi uku. Shi zai riƙa yin gaba yana tsinta da hannu kafin inji ya biyo. Safar a tafin hannunsa za a riƙa zazzage ta. Ruwan kuma shi zai zuba da kansa, a inda ya zaɓa.

Liman ya ce, "Kai da aka ce ka huta, ka ƙaro wa kanka aiki."

"Kai dai ja sallarka, Malam, ka bar mu da sharar."

Bayan bangon alƙibla ya zaɓa. Na haƙa rami ya kai cinya, na zuba tsakuwa a ƙasa don ruwa ya riƙa tsanewa, muka kewaye da duwatsu, muka ɗora ƙaya saboda awaki. Litinin da Alhamis da hantsi muke aiki. In ba wuta in aro janaretan mai niƙa kafin mata su fara kawo markaɗe. Baba yana gaba da gwiwa, gwangwaninsa a hannun hagu, yana bin kafet da tafi kamar mai neman allura. Ni ina baya da mesa ina jira. Aikin awa ɗaya ya koma uku. In na matso kusa ya ce, "Ja tukunyarka baya, za ta haɗiye mini ƙafa." In na zazzage safar a hannunsa ya tsince guntu ɗaya ko biyu, ya ɗaga mini su a fuska ya ce, "Ka ga kwabbanka?" Har yau bai daina mini wannan ba. Kwanon kuwa da hannu biyu yake ɗauka, yana tafiya a hankali kamar mai kai wa surukai fura, ya yi bisimilla ya zuba a ramin.

Ruwan makon farko sau shida na canja. A mako na huɗu sau biyu ya isa, har ana hango gindin kwano. Mai jaka ya koma saman kabad da tirensa. Ni fa ban ce injina magani ba ne. Yana shan na asibiti, matarsa tana haɗa masa citta da zuma. Abin da na sani shi ne ya daina kwana da ƙura a gemu, tarin kuma ya riƙa ja baya kaɗan kaɗan. Amma muryar ba ta gama dawowa ba. Wata rana ta fito, wata rana ta shaƙe. Kowa kuma ya ga Alhaji Garba ya saya wa Habu sabon yadi.

Ranar ɗaya ga azumi rana ta kusa faɗuwa, masallaci ya cika har waje, kowa da ɗan dabinonsa da butarsa. Habu yana tsaye kusa da lasifika cikin farin kaftani, guga har tana yanka. Baba Ladan ya taso daga wurin alwala yana gyara hula. Alhaji ya sha gabansa ya rage murya, amma ina kusa na ji.

"Malam Iro, yau mutane sun yi yawa. Kada ka wahalar da kanka."

"Azumi ka ce, Garba. Yau ne azumin. Bari a ji."

Ya karɓi abin magana ya sa yatsa a kunne. Kabbarar farko ta fito a dushe. Ya tsaya. Na ga kafaɗarsa ta motsa kamar tarin zai zo, Habu har ya ɗaga ƙafa. Sai tsohon nan ya haɗiye, ya ja numfashi, ya sake ɗauka. Ta biyu ta fi ta farko. Yana kaiwa shahada sai ta buɗe, irin jan nan nasa na da, mai hawa ya yi lilo ya sauko a hankali. Wani tsoho kusa da ni ya kai dabino baki ya manta bai tauna ba. Bai gajarta ko ɗaya ba, har ya kai ƙarshe ya ajiye abin maganar.

Alhaji Garba ya gyara zaman babbar rigarsa ya ce, "Malam Iro, ka ja ta da yawa. Kafin a idar kunu ya huce."

"Wata nawa kana cewa na guntule? Yau ka sha shi da sanyi."

Alhaji ya juya wajen ɗan ƙanensa. "Habu, miƙo wa Baba dabino. Sannan ka nuna masa inda ake rage ƙarar lasifikar nan, in dai haka za mu yi wata guda."